Tsuntsu Mai Gajeren Fiffike

Keken surfanin Yaya ba ya jin maganar kowa sai ta wata 'yar manhaja guda ɗaya. Yaya za ta zana adonta a kwamfuta, ko fure ko bajon makaranta ko sunan jariri, manhajar ta mayar da zanen ya zama umarnin allura, sannan keken ya karɓa ya hau sukar ƙyalle. Kamfanin da ya ƙera shi ya daɗe da mantawa da shi. Ita kuwa manhajar irin wadda ba a saye ba a sayarwa ce, kowa na iya buɗe cikinta ya duba, ya gyara in ya iya. Wasu mutane ne masu sa kai, yawancinsu ba su taɓa ganin fuskar juna ba, suke tattara irin waɗannan manhajoji wuri guda su zama tsarin da kwamfuta ke tashi da shi. Kowace manhaja sun naɗe ta a abin da suke kira ƙunshi, kowane ƙunshi kuma da mai riƙonsa, wanda sunansa ke rubuce a kai.

Ni gyaran waya da kwamfuta nake yi, a wani ɗan shago da ke kallon nata, titi ne kawai ya raba mu. In ta ɗaga labule tana hango ni a duƙe kan tebur, in kuma tana son wani abu ba ta kira, sai dai ta buga almakashi a jikin ƙarfen taga.

Ranar da tsohuwar kwamfutarta ta mutu, ƙarfen tagar nan ya sha duka. Na haɗa mata wata daga cikin waɗanda nake da su, na sa mata sabon tsarin da mutanen ke shirin fitarwa, don shi kaɗai ne ya yarda da kayan cikinta. Komai ya tashi lafiya lau, ban da manhajar keken. Ka danna ta, ta yi kamar za ta buɗe, ta koma ta kwanta. A kusurwar shago ga rigunan wata makaranta an jibge suna jiran bajo. Ba a jima ba Yaya ta fara ɗora wa keken yadi a ka kamar tebur, kuma na lura in ta zo wucewa ba ta kallonsa.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai ce tun tana goya ni haka nake, duk abin da aka ba ni riƙo sai na kwance shi na ga cikinsa, har rediyon mahaifinmu ban bari ba, to yau ga ranar da halin zai yi amfani.

Na daɗe ina leƙa zauren mutanen a intanet, inda suke tattaunawa, amma kamar mai tsayawa a bakin ƙofa, ina karantawa ba na cewa komai. Wannan karon na shiga neman ƙunshin keken, na tarar an riga an yi masa alama. An rubuta cewa ya lalace a sabon tsari, an yi ta aika wa mai riƙonsa saƙo bai amsa ba, kuma in ranar rufe ƙofa ta zo ba a gyara ba, za a fitar da shi. Ranar rufe ƙofa ita ce ranar da suke daina karɓar gyara kafin su saki sabon tsari ga jama'a. Abin da ya rage a waje ya rage ke nan, ba wanda zai ƙara daidaita shi da sauran, a hankali sai ya ruɓe. Mai riƙon kuwa sunansa a zauren Kwarkwaro, wato ɗan abin nan da ake naɗe zare a kai. An ce dattijo ne, kuma shi ke riƙe da ƙunshin tun ranar da aka naɗe shi.

Na zauna da abin tsakanin wayar wannan da ta wancan. Nakan buɗe cikin manhajar in bi layi-layi da yatsa, kamar yadda nake bin hanyar wuta a cikin waya, in na ga inda ta yanke in nemi yadda wasu suka haɗa irinta. Ba na sauri, ban ma iya ba. Wata safiya, shayina bai gama hucewa ba, na danna ta buɗe. Na tsallaka titi ko takalmi ban sa daidai ba. Yaya ta sauke yadin daga kan keken, ta goge shi da gefen zani, muka ɗinka bajo ɗaya ya fito tsaf.

Amma gyaran da ke zaune a kwamfuta ɗaya kamar ɗaurin roba ne a bakin famfo: da zarar an sabunta wani abu a tsarin, sai ya sake kwancewa. In ana so ya zauna, sai an shigar da shi cikin ƙunshin kansa kafin a rufe ƙofa. Na rubuta a zauren, na goge, na sake rubutawa, na ce ga abin da na yi.

Wadda ta amsa mini ita ce suke kira Mai Tsintsiya. Aikinta a cikinsu shi ne bin ƙunshin da masu su suka watsar, waɗanda suke ce wa marayu, ta nema musu sabon mai riƙo, wanda bai samu ba ta share shi. Ta ce kada sunan ya tsorata ni, ita ma ta fi son tsintsiyar ta wuni a bayan ƙofa. Ta duba gyarana, ta nuna mini inda na bari a hargitse, na daidaita. Sannan ta ce ƙa'ida ta cika: an aika, an jira, dattijo bai yi magana ba. Sai in cire sunansa in sa nawa, ita kuma ta sa hannu ta ɗora shi a tsarin, tunda ni sabo ne ba a ba ni wannan ikon ba tukuna.

Na buɗe wurin sunan, na ɗora yatsa a kan madannin gogewa, na daɗe a haka. Mai waya ya shigo, na tashi na sallame shi, na dawo na rufe ban goge ba. Na tambaye ta ko akwai wani abu da shi yake yi kafin ya ɗora, wanda ni ban yi ba.

Ta aiko da dariya. Ta ce ai kowa a zauren ya san al'adar Kwarkwaro, har zolayarsa ake yi da ita. A cikin ƙunshin akwai wani zanen tsuntsu, kuma shi ba ya taɓa ɗora sabon gyara sai an ɗinka tsuntsun nan a kan ƙyalle na gaske, da zare na gaske, ya gani da idonsa. Ta ce wannan ba doka ba ce, gwajin da kwamfuta ke yi ya isa, kuma nawa ya wuce. Amma tunda ina da keke a kusa, in ina so in yi ba ta hana ni ba, in dai riƙa tunawa da ranar.

Da rana ta yi sanyi Yaya ta ɗauko guntun farin yadi daga kwandon ragowa, ta ɗaure shi a firam, zoben nan da ke miƙe wa keke yadi. Zanen ya nemi shuɗin zare na jiki, rawaya na baki da ƙafa, baƙi na ido. Muka tsaya a kan keken yana ta kai da komo. Da ya tsaya, Yaya ta cire firam ta ɗaga wa hasken taga, sai ta fashe da dariya har ta dafa bango.

"Auta, wannan tsuntsu ne, ko kaza ce mota ta taka?"

Fiffike ɗaya dogo, ɗaya gajere kamar an gutsure. Wuya ya karkace, baki a buɗe, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kauri. Ni ban yi dariya ba. Na tabbata gyarana ne ya murɗe shi. In kuwa yana murɗe tsuntsu, wata rana zai murɗe adon wani a kan yadi mai tsada, a shagon wata mata da ban taɓa sani ba. Na duba hotonsa a fuskar kwamfuta, nan ma a karkace yake, sai dai wannan bai gaya mini komai ba, don manhajar da nake zargi ita ce ke nuna mini.

Na koma na tone gyaran. Na sauya yadda allura ke shan kwana, muka ɗinka, fiffike yana nan gajere. Na mayar, na taɓa wani wuri, muka ɗinka, wannan karon har ƙafa ta ɓace. Tsuntsaye suka fara taruwa a tagar Yaya, an soke su da fil a jikin labule, kowa da irin larurarsa. Masu kawo ɗinki suna tambaya ko sabon yayi ne. Yaya ta ce musu asibitin tsuntsaye ƙanenta ya buɗe, ita ce nas. Bajon makaranta kuwa ta ci gaba da su, tunda su suna fitowa daidai.

Na tambaya a zauren ko akwai wanda ya taɓa ganin tsuntsun yadda ya kamata ya fito. Babu. Duk sun ji labarinsa, ba wanda ke da keke. Mai Tsintsiya ta ce mini ranar ta matso, in na ba ta ƙunshin yau za ta ɗora yau, in kuwa ban ba ta ba za ta share shi, ba don tana so ba. Na ce ta ƙara mini haƙuri. Ta ce ashe Kwarkwaro ya haifi ɗa a zauren ba su sani ba.

Yaya ce ta ce in tambayi mai tsuntsun. Na ce ai manya sun rubuta masa bai amsa ba, balle ni. Ta tambaye ni me suka ce masa. Na ce wasu sun ce ya gyara, wasu sun ce in ba zai iya ba ya saki. Ta ci gaba da yanke zare a bayan wani bajo, ta ce ita ma da ita ce ba za ta amsa ba.

Na ciro tsuntsun farko daga jikin labule, na ɗauki hotonsa a kan tafin hannun Yaya. Ban yi maganar ƙunshi ba, ban yi maganar ƙofa ba. Na gaishe shi, na ce, Baba, yayata tana da keken, mun ɗinka wannan, haka yake fitowa ko ni na ɓata shi?

Amsa ta zo washegari da hantsi, gajera: lambar waya, da cewa in kira ta bidiyo ƙyallen yana hannuna.

Na kira daga shagon Yaya. Wani dattijo ya bayyana, siriri, gilashinsa ɗaure da igiya a wuya, a bayansa ana hango gado mai ƙarfe a gefe da kwalaben magani a kan tebur. Ya amsa gaisuwata a natse, ya tambayi aiki, ya gaida Yaya. Sannan ya ce in jira, ya juya wayar. A kan kujera kusa da taga wata dattijuwa ce zaune, an rufa mata bargo a gwiwa, hannuwanta biyu suna kan bargon suna ta karkarwa ba tsayawa.

"Malama, ga baƙi sun zo miki da wani abu," in ji shi.

Na matso da ƙyallen gaban waya. Ta daɗe tana kallo. Sai ta yi murmushi da gefen baki.

"Ga ɗan banzan nan. Har yanzu bai koyi tashi ba."

Ashe ita ta zana shi. Dattijon ya ce shi ne abu na farko da ta zana a kwamfuta, lokacin da ya kawo mata keke irin na Yaya, hannunta bai saba ba. Ya so ya miƙe masa fiffiken ta hana, ta ce duk wanda ya taɓa mata tsuntsu zai kwana da yunwa. Haka ya shiga ƙunshi, haka ya zauna. Yaya ta dube ni, ta dubi labulen da ke cike da majinyata, ta danne dariya da bakin mayafi.

Ina shirin ajiyar zuciya ke nan dattijuwar ta ce, "Juya shi, ɗana. Wa yake duba ɗinki ta fuska?"

Na juya. Ta ce in matso da wajen ido. Ta ce wayar ba ta nuna mata sosai, 'yarta mai keke, wato Yaya, ta sa farce ta ja wutsiyar baƙin zaren nan. Yaya ta ja a hankali. Zaren ya biyo farcenta ba gardama, idon ya warware gaba ɗaya, tsuntsu ya koma makaho.

Dattijon ya gyara gilashi. Ya ce abin da ake ɗinka tsuntsun dominsa ke nan. Ido ƙaramin wuri ne mai launinsa shi kaɗai, kafin keke ya yanke zare dole ya yi 'yan suka a wuri ɗaya ya ƙulle. In manhaja ta tsallake ƙullin nan a ƙananan wurare, ta fuska ba za ka ga komai ba, kwamfuta ma ba za ta gani ba, sai an kai wanki. Bai ce na ɓata ba. Ya ce sabon tsarin ne yake ɗaukar ƙananan suka a matsayin shara ya zubar, ya faɗa mini wurin da zan duba, ya ce shi ma can yake zargi tun farko.

Yaya ta miƙa hannu ta ɗauko rigar makaranta guda, ta juya bajon, ta ja zaren ɗan tauraron da ke samansa. Ya biyo ta. Ta dubi tulin da ta riga ta gama, ta ce Allah ya taimake ta ba ta miƙa su ba.

Na tambaye shi, tunda ya san wurin, me ya hana shi gyarawa. Na ji kunyar tambayar tun kafin in rufe baki. Ya juyo da wayar wajen fuskarsa, ya rage murya. Ya ce tun da hannun Malama ya fara rawa ba ta iya zura zare, keken sun ba wa wata ɗalibarta da ta koma wani gari. Gyara yana iya yi, amma ba mai ɗinka masa tsuntsu, shi kuwa bai taɓa sa hannu a abin da bai juya bayansa ba. Saƙonnin duk ya gani. Kullum sai ya ce gobe zai rubuta ya ce ya saki, in goben ta yi sai ya kasa.

Daga bayansa muka ji muryarta tana cewa ya daina ƙus-ƙus da 'ya'yan mutane, ya tambayi mai keken wane irin zaren ƙasa take sawa, don ta ga ya ɗan ja a wajen wuya. Yaya ta karɓe wayar daga hannuna. Suka shiga hirar zare da allura, da yadin da ke tattarewa da wanda ba ya yi, ni da dattijon muka zama 'yan kallo, har wayata ta yi zafi.

Wurin da ya faɗa na same shi a ranar. Layi ne da bai kai tsawon yatsa ba. Na gyara, na mayar da duk abin da na tone mazauninsa. Yaya ta ɗinka sabon tsuntsu, sannan ta zaunar da ni a kan benci da allurar hannu tana koya mini ƙulle taurarin bajo ɗaya bayan ɗaya, tana cewa ba ta taɓa ganin hannun da ke kama kusoshin waya kamar tsaba ba amma allura ta gagare shi.

Muka sake kira da safe, ana gobe za a rufe ƙofa. Malama ta sa aka juya, ta sa Yaya ta ja. Yaya ta ja, ta ƙara ja da ƙarfi har ƙyallen ya tattare, ido bai motsa ba.

"Ya zauna," in ji Malama. "Ka sa hannu, Malam, kada ka tsaya dogon bayani."

Ya ce in aiko masa ƙunshin, shi zai sa hannu ya ɗora da kansa. Amma kafin in aiko in cire sunansa in sa nawa, don gaskiya yanzu ni ne kusa da keke. Na ce, Baba, wurin yana ɗaukar suna biyu. Ya ce to nawa a sama. Na ce ba a koya mini zama sama da babba ba, kuma wadda ta koya mini tana tsaye a kaina da almakashi. Ya yi dariya har ya cire gilashi ya goge.

"To ka sa naka a ƙasa. Amma duk gyaran da za ka yi, ka kira mu ga tsuntsun. Ba don ni ba." Ya waiwaya wajen taga. "Tun jiya take tambayata ko an ƙulle masa ido."

Kafin tsakar rana saƙo ya fito a zauren cewa ƙunshin ya shiga, da sa hannun Kwarkwaro. Mutane suka yi ta yi masa barka da dawowa. Wani ya tambaya ko an ɗinka tsuntsu, ya ce an ɗinka, bai ƙara komai ba. Mai Tsintsiya ta cire alamar, ta rubuto mini ni kaɗai cewa ta jingine tsintsiya, amma in sani akwai wasu marayun in na huta.

Yaya ta kwashe majinyatan daga jikin labule ta zuba a kwandon ragowa. Na ƙarshen, mai ƙullallen ido, ta yi masa kalmasa a gefe, ta goge shi, ta ce in tambayi Baba inda za a aika, don waya ba ta nuna zare yadda yake, gara Malama ta taɓa da hannunta. Sannan ta ɗaura riga ta gaba a firam, ta ce in tsallaka in koma shagona, akwai mai waya a tsaye tun ɗazu.